Furen da Na Kwance

Kankanar Kaka makami ce. Na taɓa faɗa mata haka, ta ce bakina ne bai san abinci ba. Ɓawonta kore ne babu zane, cikinta fari-fari, in ka gatsa sai haƙorinka ya tambaye ka laifin da ya yi maka. Amma takan yi watanni a ƙarƙashin gado ba ta ruɓe ba. Kaka ta zo da irin daga ƙauyensu, can wajen Dagona, tun ba a haifi Baba ba. Yanzu mutanen can duk sun koma shuka ja mai zane, wadda ake lodawa a kasuwarmu ta Nguru. Abin da ya rage shi ne na cikin ɗan goran Kaka, shi ma ɓeraye sun ɗebi rabonsu. Bai cika tafin hannuna ba.

Yayata ce ta zo roƙonsa. Tana digiri na biyu a jami'a a Gashua, tana bincike a kan ire-iren kankana: wacce ce mai tauri, wacce ce ke yin laushi tun mota ba ta kai kudu ba. Sai da ta durƙusa sau uku kafin Kaka ta miƙo goran.

"Aro na ba ki," in ji Kaka. "Yadda ya fita, haka zai dawo."

"Zai dawo har da ƙari, Kaka."

"Ban ce ƙari ba. Shi na ce."

Da aka yi dogon hutu aka tura ni Gashua, wai gidanmu ya huta da bakina. Gonar gwajin tana fadama, kusa da kogi. Kowane iri da kunyarsa da lambarsa, na Kaka a ƙarshe, ta ɓangaren ruwa. Yaya tana da wata na'ura kamar sirinji mai agogo a ka. In kankana ta nuna sai ta yanka, ta soka tsinin a tsokar, allurar agogon ta nuna taurinta, ta rubuta. Na ce ai babban yatsana zai yi wannan aikin kyauta. Ko kallona ba ta yi ba.

Mijinta malamin lissafi ne, shi ma bincike yake yi, a kan siffofin da lissafi ke haifarwa. Yakan cika takarda da baƙaƙe, sannan ya zana wani lanƙwasasshen layi mai kama da igiyar guga da aka yar, ya zauna yana kallonsa har shayinsa ya huce. Na tambaye shi ko ana cin abin. Ya ce a'a, amma akuya ba ta ci, ruwa ba ya ɗauka. Yaya ta ce ya daina yi mata baki.

Aikin da ya fi cin rai shi ne na fure. Da yamma Yaya takan rufe furen macen kankanar Kaka da 'yar ambulan, don kada ƙudan zuma ya kawo masa garin wani iri. Da sassafe ta kwance, ta goga masa furen namiji na irinsa, ta mayar da ambulan, ta ɗaura jan zare a ƙaramin reshen, alamar an gama da shi. Ni ce mai riƙe zare.

Wata safiya malamin da ke duba aikinta ya kira waya, ta tafi gindin itace tana "to, ranka ya daɗe" ba iyaka. Na dubi furen Kaka a rufe, na dubi kunyar ja mai zane. Sai na ji tausayin haƙoran zuriyarmu. Na tsinko furen namiji daga jar, na kwance ambulan ɗaya, na goga, na rufe, na ɗaura jan zare. Da Yaya ta dawo ta ga zare, ta wuce. A zatona wannan ɗaya za ta fito ja mai zaƙi, in nuna wa kowa, a yi dariya. Na ma yi wa wurin shaida: yana daidai wani fasasshen bokiti.

Kwana kaɗan bayan haka, muna cin tuwo, mijin Yaya ya tambaye ta me zai faru in ƙudan zuma ya kutsa.

"Ba za ka gani ba," ta ce. "Kankanar za ta fito kamar uwarta sak. A 'ya'yan cikinta abin yake ɓoye, sai an sake shukawa. In kuwa aka haɗa su da sauran, shi ke nan, irin ya gurɓace."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

Na yanke shawarar in sace kankanar wajen bokitin kafin girbi, in jefa kogi. Kullum sai na je na tsaya a kanta, kullum sai in ce gobe. Tana girma kamar sauran, kore, shiru, tana kallona.

Kogin kuwa ya fara tasowa. A Gashua ruwa ba ya jiran hadari. Sama garau, rana tana dukan ƙeya, amma ruwan yana zuwa daga yamma a hankali, kamar mai neman wani. Mai gonar da ke maƙwabtaka da mu, wani tsoho masunci, yakan kafa kara a bakin ruwa kowace yamma. Da safe sai mu tarar karan ya nutse zuwa wuya. Ya daina gaishe mu da "ya aiki", ya koma "ya ruwa". Kwaɗi suka cika kunyoyi. Yaya ta ce kankanar Kaka tana bukatar mako guda kafin 'ya'yanta su ƙosa. Tsohon ya dubi karansa.

Kwana biyar ruwan ya ba mu. A na shida muka tarar da kunyar Kaka ta zama tafki. Tsohon ya shiga da kwalekwalensa yana lalube, yana miƙo mana. Wasu sun tafi, wasu sun fashe. Masu jan zare guda biyar ya samo. Bokitina kuwa na hango shi can tsakiyar kogi, yana tafiya gabas abinsa.

A tsakar gida Yaya ta jera su biyar a kan tabarma. Na zagaya su kamar mai zaɓen rago, na ƙwanƙwasa, na sansana. Duk fuskarsu ɗaya. Ta yanka, ta soka na'ura, allurar ta haura inda ba ta taɓa zuwa ba, har ta yi murmushi, na farko a makon. Sannan ta ce in kawo babbar roba, a zuba 'ya'yan duka a wanke.

Na kawo robar. Ta kwashe na ta farko a hannunta.

"Yaya, kada ki haɗa."

"Me ya sa?"

Na faɗa. Ban ƙara gishiri ba, karon farko a rayuwata. Ba ta dake ni ba, da ma ta daka. Ta zauna da 'ya'yan kankana a hannu, ruwansu yana bin gwiwar hannunta.

"Wacce a ciki?"

"Ta wajen bokiti."

"Ina bokitin?"

Mijinta ya tashi ya yago takardu biyar daga littafin lissafinsa, ya naɗe 'ya'yan kowace kankana a ƙunshi daban, ya rubuta ɗaya zuwa biyar. Mai yiwuwa ma ruwa ya tafi da ta wajen bokitin, in ji shi. Mai yiwuwa kuma tana nan.

Ni aka sa na kai wa Kaka ƙunshin a Nguru, na yi bayani da bakina. Na same ta ta rame, tari ya kama ta tun tsakiyar damina. Ta saurara har na gama, ta jijjiga goran da na mayar mata, babu abin da ya yi ƙara.

"Ja'ira," ta ce. "Ni kika so ki gyara wa iri?"

"Zaƙi na so ya yi, Kaka."

"Zaƙi ya cika kasuwa."

Ta ƙi karɓa. Ta ce goranta ba ya cin abin da ba a san ubansa ba. Da sanyi ya wuce aka yi kunya biyar a garkar bayan gida, kowane ƙunshi da tasa, ni ce mai ban ruwa, ni ce mai rufe fure da yamma, in kwance da safe kafin makaranta. Yaya ta ɗage kammala karatunta, don ba za ta rubuta sunan irin da ba ta tabbatar ba. Kaka kuma aka riƙa fito da ita kan kujera tana kallo. Kullum tarin yana ƙara zurfi, kullum ina roƙon yabanyar ta yi sauri. Na taɓa durƙusawa na yi mata magana a kunne, ban san ko kankana tana da kunne ba.

A kunya ta uku na fara ganin zanen, a jikin wata 'yar ƙarama da ba ta kai ƙwai ba. Layi-layi, kamar na kasuwa. Na bi sauran huɗun da rarrafe, ganye bayan ganye. Kore, babu zane.

Kaka ta sa aka tumɓuke kunyar duka, aka bar guda ɗaya tak ta nuna. Ranar girbi Yaya ta zo da na'urarta, amma Kaka ta riga ta, ta danna farce a tsokar masu kore, farcen ya lanƙwashe. Ta gyaɗa kai. Muka wanke 'ya'yan, muka shanya, ta zuba a gora da hannunta, wasu suna zubewa ina tsincewa.

Mai zanen kuma ta ce tawa ce, in cinye a gabanta. Cikinta ruwan hoda ne, ba zaƙi, ba tauri, kamar jiƙaƙƙen soso. Na cinye. Tana jijjiga goran kusa da kunnenta, tana tari, ba ta bar ni na zubar da ko loma ɗaya ba.