Kwalaben Namadi Mahauci

Namadi mutumin Attantané ne, amma a kasuwar Kanan-Bakaché aka san shi, inda ya yi shekara talatin yana fawa. Bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Gajere ne mai kaurin hannu, ba ya son yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da sauran mahauta suke yi wa dariya: in an yanka dabba aka tarar da ciki, ba ya jefar da ɗan tayin sai ya tsuguna ya dube shi da kyau.

A lokacin fari na 1973 abin ya soma. Makiyaya na kawo dabbobin da ba su iya tsayawa, a yanka kafin su mutu a banza, kuma da yawa mata ne masu ciki. A nan Namadi ya lura da abin da ya hana shi sakat. Ɗan tayin akuya da na tunkiya da na saniya, in ba su wuce ƙwayar wake ba, ba a bambanta su. Dukkansu a lanƙwashe suke, kai babba, wutsiya doguwa, ga tsaga-tsaga a wuya irin ta kifi. Daga baya ƙulli huɗu su tsiro a gefe su zama ƙafafu, kofato ya rabu, sannan kowane ya kama hanyar uwarsa. Ya gaya wa matarsa Furera, ta ce ya wanke hannu ya ci tuwo.

Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya saurare shi, sai da fari ya dawo a 1984, lokacin sojoji na mulki. A shekarar aka turo wani ma'aikacin lafiyar dabbobi mai suna Haladu, wanda aikinsa duba dabba da buga wa nama tambari. Ran nan ya tarar da Namadi tsugune da wani abu a tafin hannu.

"Baba, mi kake dubi?"

"Raƙumi ne," in ji Namadi. "Amma yau in ka ce mini akuya ce, ba ni musu."

Haladu ya tsuguna shi ma. Ya ce a makarantar da ya yi an nuna musu haka a zane, amma bai taɓa gani da ido ba. Ya ce masana sun ce har kaza da kifi haka suke farawa. Namadi ya koma gida ranar yana murmushi shi kaɗai.

Mako na zagayowa Haladu ya kawo kwalabe da wani ruwan magani mai yaji a ido wanda ke hana ruɓa. Namadi ya shiga tarawa. Ya kafa katako a zaurensa ya jera su daga ƙarami zuwa babba, har kwalba ashirin da uku. Haladu ya zama ɗan gida. Furera takan ajiye masa fura ko da gero ya yi wuya, shi kuma yana zaune da littafi yana rubuta duk abin da Namadi ya faɗa: wannan na kwana ashirin ne, wannan na wata biyu.

Da kaka ta zo babu amfani, Haladu ya ce za a yi taron manoma da makiyaya a Tessaoua, manya za su zo.

"Baba, bari in tahi da kwalaben su gani. Sunanka za a kira a gaban kowa."

Namadi da hannunsa ya naɗe kowace kwalba da tsumma ya sa a mota. Ranar taron ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau kamiyo, babbar motar 'yan kasuwa, ba tare da ya gaya wa Haladu ba, don yana so ya ba shi mamaki.

Ya tarar da kwalabensa a kan tebur, Haladu tsaye yana yi wa wani babban soja bayani da Faransanci. Namadi bai ji ba, sai ya matsa kusa da tafintan da ke fassara wa jama'a. Tafinta ya ce: ma'aikacin nan ya yi wata shida yana bincike shi kaɗai, ya gano yadda wasu mahauta ke yanka mata masu ciki suna ƙarar da dukiyar ƙasa, waɗannan kuwa shaidar da ya ƙwace ce.

Sojan ya tambayi sunan mahautan. Haladu ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan Namadi. Sai ya nuna shi da yatsa.

"Haladu!" in ji Namadi. "Wace dabba na yanka da ba ka buga mata tambari ba?"

Haladu ya juya ya ci gaba da gyara kwalabe. Jandarmomi biyu suka riƙe Namadi.

Kwana goma sha tara ya yi a tsare. Wani makiyayi mai suna Ishaƙu, wanda shanunsa bakwai suka bi ta wuƙar Namadi a shekarar, ya yi tafiyar yini biyu ya je ya shaida cewa a kwance ya kawo su, ba su iya tashi. Aka saki Namadi, amma aka hana shi fawa. Haladu kuwa aka ƙara masa girma, aka mai da shi birni.

Namadi ya koma noman gero da wake a Attantané. Furera ta ce ya yi wata uku ba ya zama a zaure. Ta ce ɗaurin bai dame shi ba kamar yadda ya dame shi cewa shi ya naɗe kwalaben da tsumman gidansa. Daga baya mata suka riƙa kawo masa awaki ya taɓa ciki ya faɗi watan haihuwa, kuma da wuya ya kuskure.

Bayan shekara tara takarda ta zo daga Haladu, yana gaisuwa, yana neman Baba ya taimaka a tara wasu kwalaben don wata sabuwar makaranta. Namadi ya sa maƙwabcinsa Sa'idu ya karanta masa sau biyu. Sa'idu ya ɗauki alƙalami ya tambayi abin da za a amsa.

"Rubuta mishi takarda ta iso," in ji Namadi. "Muna lahiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya ɗauki hauyarsa ya fita gona.