Ranar da Muka Auna Layinmu da Makara

Lokacin da na sayi filina a Akurba, tifa tana shiga layinmu har ta juya. Kafin shekara goma, ko mai kurar ruwa sai ya yi addu'a kafin ya kutsa. Ba aljanu suka cinye hanyar ba, mu ne. Mai filoti ɗaya ya raba biyu ya sayar, wanda ya saya ya jera ɗakunan haya shida, kowa ya tashi gini sai ya ɗan turo katanga taku ɗaya. Ni ma na turo, ba zan yi ƙarya ba, har taku biyu, daidai kwana. A nan na gina wa Iya, mahaifiyata, ɗaki mai babbar taga, don ta huta da hawa mashin daga ƙauyenmu Ashige duk ranar da za ta ga likita. A rayuwata, ɗakin nan ne kaɗai ya sa na ji na cika ɗa.

Sai ga ma'aikatan tsara gari da jan fenti. Babbansu ya ce ba zai shafa wa bangon kowa komai ba tukuna. Mu zauna mu tsayar da faɗin layin da kanmu, duk ginin da ya shigo ciki kuma ya tafi.

Muka taru a ƙofar mai unguwa. Aka kawo tef ɗin awo, aka ƙi shi, wai na birkilan da ya gina rabin katangun ne. Aka ce a auna da taku. Mu masu laifi muka tsayar da wani gajeren tela, sauran suka tsayar da wani dogon direba, aka kusa dambe. Maƙwabcina mai doya shi dai kukansa ɗaya, mota ta riƙa shigowa layin. "Matana ya gaji da ɗaukan doya a kai," in ji shi da irin Hausarsa, sau wajen bakwai.

Tsohon ladaninmu ne ya raba gardamar. Ya ce hanya ita ce inda makara za ta wuce da mutum huɗu ba ta gogi bango ba. Ba wanda ya iya musu, tunda kowa ya san zai bi.

Aka ɗauko makarar masallaci. Babu kowa a ciki ta wuce sumul, domin duk inda aka matse sai masu ɗauka su karkata ta kamar ana shigar da katifa. Ladan ya ce sam, ba a karkata mamaci, a sa mutum. Nan take manyan masu baki kowa ya tuna yana da hawan jini. Ni kuwa na ga dama ta samu: ba ni da nauyi, kuma daga ciki zan iya ba da umarni. Na cire hula na hau.

Wallahi kwanciya a makara ba daɗi, ko da ranka. Ba abin da nake gani sai wayoyin wuta da bakin kwanon gidaje sun kusa haɗuwa. Wata mai awara ta hango mu ta saki salati, tana cewa Allah sarki, ɗazu-ɗazu ya wuce. Na ɗago kai na gaishe ta. Ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba.

Muka iso kwanata, makara ta tsaya cak. Gaba ta daki bangon Iya, baya ta tokare katangar tela. Na yi ƙasa da murya na ce wa direban, wanda ke riƙe da wajen kaina, ya ɗan karkata kaɗan, ai ladan ba ya gani sosai. Ɗan banzan ya karkata da zuciya ɗaya. Sai ga ni a kwata, cikin ruwan wanke-wanken gida shida, ƙafa ɗaya a sama.

Na tashi ina masifa, ina cewa makarar ce ta cika tsawo, a aro ta wata unguwa, kuma ai mamaci ba ya kai ƙara. Ina cikin haka na hango Iya a tagarta. Ashe tun farko tana kallo. Ba ni ta kira ba, mai unguwa ta kira.

"Mai unguwa, duk layin nan wa ya girme ni?"

Ya sunkuyar da kai ya ce babu.

"To, ni za a fara fitarwa ta kwanar nan. Ɗakin ya yi mini daɗi, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Amma ba za a juye ni a kwata ba. A rushe."

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni. Washegari da birkila ya zo, na karɓi gudumar daga hannunsa, don ban yarda wani ya fara dukan bangon ba.