Malam Mutallib da Filtir Marar Alama

Ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, da hantsi, ina Jiratawa ana loda mini buhunan zogale, Hamidu, ƙanen makanikena, ya kira ni a waya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Mushe, Yaya ya cika." Allah ya karɓi ran Malam Abdulmutallib Ilyasu, makaniken nan na Sabon Gari a Maraɗi, yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar. Wanda ya ba da shi ne ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. A kan wannan babu jayayya tsakanin Musulmi da Kirista.

Ni Kirista ne, mutumin Tibiri. Na yi shekara talatin da biyu ina koyarwa a lakwal kafin in ajiye alli in kama fataucin zogale, shi ya sa har gobe ake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a ƙasarmu. Na rubuta wannan ta'aziyya ne domin abu biyu: in faɗi abin da na sani na kirkin marigayi, kuma in gyara wata magana da na bari ta yi yawo a kansa, alhali na san ba gaskiya ba ce.

Malam Mutallib, ka buɗe garejinka a gindin bedin nan, wato itacen darbejiya, shekarar da aka yi babban taron ƙasa, kai da ƙanenka Hamidu. Da kakar zaɓe ta zo, motocin kamfe na kowace jam'iyya a wurinka suke kwana, wannan da tutarta, waccan da tutarta, direbobin suna hararar juna. Kai kuwa cewa kake inji ba shi da jam'iyya, baƙin mai kawai ya sani. An yi zaɓuɓɓuka, an yi juyin mulki, an karya darajar kuɗi, kana nan a gindin bedinka da tsumma a kafaɗa.

Ni sai a 2018 na zo hannunka, lokacin da aka kawo mini 'yar ƙaramar mota kat-kat mai turbo, na'urar nan ta ƙara wa inji ƙarfi, daga Kwatano, ta hannu ce amma da sauranta. Na zo da littafinta na Faransanci a hammata, da girman kan malamin da ya saba a yi shiru in yana magana. Na buɗe shafi na nuna maka inda aka rubuta cewa sai bayan kilomita dubu goma sha biyar ake bidanji, wato juye baƙin mai. Ka karɓi littafin, ka juya shi gaba da baya, ka miƙo mini.

Ka ce, "Mushe, wanda ya rubuta littahin ga ya taɓa bin hanyar Jiratawa da buhu takwas cikin watan Afrilu?"

Na ce bai taɓa ba.

"To ni na bi ta. Dubu biyar, ko wata shidda, duk wanda ya riga zuwa."

Mun yi gardamar nan ta fi a ƙirga, kuma ban taɓa cin ka ba. Dokokinka ba su da yawa, amma ba ka sassauta ko ɗaya. Duk bidanji sai da sabon filtir mai tace mai, domin a cewarka zuba sabon mai ta tsohon filtir wanka ne a mayar da riga mai dauɗa. Filtir ɗin iska ba a wanke shi, ba a busa shi da iskar taya, in ya cika a sake. Mai kuwa sai na galan rufaffe, mai lamba 5W-40, kai da kanka kake fasa murfin a gaban mai mota. Mutanenmu sun yi imani cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi, wai shi ke jure zafin ƙasarmu. Ranar da na faɗi haka sai ka ɗauko bututun da ke kai wa turbo mai, ka ɗaga shi sama ka ce in leƙa. Ramin bai fi na cikin biro faɗi ba. Ka ce in gaya maka ta ina kunu zai bi a nan.

Abin da kowa ya fi tunawa da kai shi ne dokar tsayawa. Turbo yana ɗaukar zafi ƙwarai, in aka kashe mota nan take bayan doguwar tafiya sai man da ke cikinsa ya ƙone ya daskare. Ka san direban Maraɗi ba zai dubi agogo ba, don haka ka ba su awo da abin da suka sani: in sun tsaya, su karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu uku kafin su murɗa makulli. Da aka zo kaina sai ka yi ɗan tunani, ka tambaye ni wace addu'a ce kowane Kirista ya haddace. Na ce Addu'ar Ubangiji. Ka sa na karanta kana sauraro, ka ce, "Ta yi gajarta kaɗan. Sau biyu, kuma ban da irin karatun mai jin yunwa." Fastonmu ya sha faɗa cewa a ikilisiyar Tibiri babu wanda ya kai ni yawan addu'a, kuma makaniken Sabon Gari ne sanadi.

Ba zan manta damanar da Abigail, maiɗakina, ta kwanta ciwo ba. Na tashi kai ta likita, mota ta ƙi tashi. Na kira ka ina tsammanin za ka gaya mini abin da zan taɓa. Kafin rabin awa sai ga ka a bayan kabu-kabu, rungume da batir, rigarka ta jiƙe sharkaf. Ka tada motar, ka ce kai za ka tuƙa. Har muka isa Maraɗi ba ka yi mini maganar mota ko sau ɗaya ba. Da layya ka aiko mana da cinya, da Kirsimeti mu aika maka da shinkafa da zabi, haka muka zauna shekara shida.

Yanzu sai maganar da ta fi mini nauyi.

Bara, bayan juyin mulki, aka rufe iyaka. Kaya suka daina shigowa yadda aka saba, man galan ya ɓace a kasuwa. Cikin watan Satumba lokacin bidanjina ya yi, na zo, ka ce ba ka da irin man motata, kuma ba za ka zuba mata wani ba. Ka ce in ajiye ta kwana goma, ka yi sallahu daga Yamai. Na ce to. Amma zogale ba ya jiran kwana goma, ni kuma tsohon halina na nan, na ganin na fi kowa sani. Washegari na tsaya a bakin hanya wajen wani mai sayar da mai a bido, wato jarka, aka zuba mata mai kauri wanda ban san asalinsa ba, aka ɗaura wani filtir mai araha. Da sallahunka ya iso ka aiko a gaya mini, na ce ina nan tafe. Ban zo ba, don kunya.

Ƙarshen Nuwamba, a hanyar Jiratawa, motar ta fara fito, ta tuɗo shuɗin hayaƙi, ƙarfinta ya tafi. Direbobin ƙungiyar manoma suka taru a kaina. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ashe ba Malam Mutallib ke yi mata bidanji ba?" Da na ce na kai ta wani wuri, da magana ta mutu a nan, a yi mini dariya a watse. Sai na ji bakina ya ce, "Shi ne. Ba wanda ya taɓa taɓa ta sai shi."

Maganar ta riga ni isa Maraɗi. Aka ce Malam Mutallib ya tsufa, wasu suka ce shi ma ya koma zuba na bido a ɓoye. Motoci uku na ƙungiyar suka sauya gareji, wasu suka bi su. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana fasa murfin galan a gaban jama'a don kada a zarge shi, ni na ja masa zargin da jimla ɗaya.

Da aka jawo motar garejinka, ka kwance ta, ka wanke injin, ka nemo turbo na hannu ka ɗaura. Ba ka tambaye ni komai ba. Da zan tafi ka ce, "Dubu biyar, Mushe." Na rarrashi kaina cewa wataƙila ka ɗauka tsufa ne ya kashe turbon. Mutumin da ke murza mai tsakanin yatsu biyu ya gaya maka watan da aka zuba shi, shi na ce bai gane ba. Sau biyu na ƙara zuwa bidanji da niyyar in faɗa maka, sau biyu na sha shayinka na tafi. Ranar da na gaishe ka a likita akwai mutane, na ce sai an sallame ka.

Ranar addu'ar uku na ja Hamidu gefe na gaya masa komai. Bai yi mamaki ba. Ya tafi da ni gareji, ya buɗe akwatin ƙarfen yayansa, ya ɗauko filtir ɗin da aka cire daga motata, naɗe cikin tsumma. Ya ce duk filtir ɗin da Yaya ya ɗaura sai ya karce gindinsa da ƙusa, ya rubuta lambar kilomita, a gefen da mai mota ba ya gani. Na juya wannan ta ko'ina, babu alama.

Hamidu ya ce, "Tun ranar da munka kwance shi ya sani. Ni na ce mu kai shi Jiratawa mu gwada ma direbobin nan, su gani da idonsu. Ya hana ni. Ya ce, ni makanike ne, in an ce na yi kuskure, kowa na kuskure. Mushe kuwa rabin garin ga ya koyar. In anka ce ya yi ƙarya, ɗiyan da ya karantar wa za su yarda da shi? Bar shi, shina zuwa da kainai."

Na zo, Malam, amma na makara. An ce kowa ya tuba don wuya ba lada, kuma ban rubuta wannan don neman lada ba. Na rubuta ne don mutanen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa su ji daga bakina: Malam Mutallib bai taɓa zuba wa motata mugun mai ba. Ni na zuba, ni na yi ƙarya, shi ya ɗauki zargin har ya koma ga Mahaliccinsa bai tona ni ba. Jiya na je na faɗi haka a gaban direbobin ƙungiyar, ranar Lahadi kuma zan faɗa a gaban ikilisiya. Hamidu yana nan a gindin bedin, hannun yayansa ne ya rene shi, kuma ƙusar tana wurinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Zuliha, da 'yarsa Atika da sauran 'ya'ya da jikoki, da Hamidu, da dukan makanikan Sabon Gari. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsare muku zumuncinku. Allah ya jiƙan Malam Abdulmutallib, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya rufa masa asiri a ranar da babu mai rufawa sai Shi, kamar yadda ya rufa nawa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau.

Har yanzu in na tsaya ba na kashe mota sai na karanta addu'ar sau biyu. A cikinta akwai wurin da mutum ke roƙon a yafe masa kamar yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka yi masa laifi. Tun watan Nuwamba nake wuce wurin nan da sauri, irin karatun mai jin yunwa da ka hana ni. Yau da safe a ƙofar garejinka na karanta shi a hankali, sannan na murɗa makulli.

Bo'az Kalibu, Tibiri