Katin Bayan Gida na Layi na Bakwai

Shekara ashirin da biyu Bu Warsinah, wato Mama Warsinah, ta yi tana ɗinka wuyan riga a wata masana'anta da ke bayan garin Semarang, amma babu abin da ta ƙware a kai kamar riƙe fitsari. Layinsu na bakwai mata arba'in ne, katin shiga bayan gida kuwa guda ɗaya tal, yana rataye a wuyan Mbak Yuyun, wato Yaya Yuyun, mai lura da layin. In wata ta karɓa, sauran sai su matse cinya su ci gaba da ɗinki. Shi ya sa matan suka daina shan ruwa daga safe har a tashi.

Likita ya gaya wa Warsinah ƙodarta ta gaji. In ba ta koma shan ruwa ba, inji ne zai riƙa wanke mata jini. Sau uku tana roƙon Yuyun a ƙara musu kati.

"Haba Bu, ni na buga katin? Haka na tarar da shi."

Ana nan sai ga sabon manaja, Pak Hendarto, wato Malam Hendarto, ɗan gayu, baki cike da kalmomin kwas. Ya manna takardu a bango: MU DANGI ƊAYA NE. Ya sa kullum da safe a tafa sau uku a ce, "Muna farin ciki!" Tafi da mara cike, Allah ya raba mu. Ya ce ƙofar ofishinsa a buɗe take. A buɗe take kuwa, a hawa na uku.

Ranar da kamfani ya cika shekara talatin aka tara ma'aikata da baƙi, aka kawo tumpeng, tulin shinkafa rawaya mai tsini, an kewaye shi da soyayyar kaza. Tsinin na wanda aka fi girmamawa ne, kuma ko mahaukaci ba ya mayar da shi. Hendarto ya yanke, ya ɗora a faranti, ya gyara wa mai hoto tsayuwa, ya kira Warsinah.

Ta zo, hannuwanta a baya.

"Bismillah, Bu. Ke ce uwarmu a nan."

"Na gode, Pak. Ba zan ci ba."



"Azumi kike yi?"

"Kusan haka. In na ci, zan sha ruwa. In na sha, zan nemi kati. Katin kuma Sulastri ke jira tun ƙarfe goma. Ga ta can da cikin wata bakwai, tana rawa ba kiɗa."

"Wane kati?"

Daga can bayan taron wata ta ce, "Ku ji uban dangi!" Dariya ta ɓarke, irin wadda ba daɗi a cikinta.

Wallahi bai sani ba. Wata takwas yana sa su tafi, bai taɓa tambayar abin da ke lilo a wuyan Yuyun ba. Ya tsaya da faranti a hannu, kunnuwansa sun yi ja, har shinkafar ta huce.

Washegari aka soke katin a layi na bakwai. Warsinah kuma aka ba ta takardar gargaɗi, wai ta kunyata shugaba a gaban baƙi. Ta sa hannu, ta sauko, ta sayi gorar ruwa mafi girma a kanti ta girke kusa da keken ɗinkinta.

Daga layi na takwas zuwa na sha biyu kuwa, har yau kati ɗaya ne. Manaja ya ce su ba su kawo ƙara ba.