Ranar da Famfo Ya Kawo Ruwa Muna Sujada

Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san famfo ado ne na tsakar gida. Mukan bar shi a buɗe da bokiti a ƙasa, kunne na wurin, domin in ruwa zai zo sai famfon ya fara tari tukuna kamar tsoho, sannan a ruga da bido, wato jarkar ruwa. Amma in za a fita sai a rufe. Kowa ya san haka ban da Inna, mahaifiyata, wadda ta dawo wurina da zama bayan rasuwar Baba. Ita a ganinta rufe famfo rashin bangaskiya ne: ina roƙon ruwa ina tare masa hanya. In na ce Allahn da ya iya kawo ruwa daga bayan gari zai iya jiran mu dawo, sai ta ce boko ya ɓata ni.

Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Maigidana tela ne, hawan jini ya kada shi a kan keken ɗinki, ɓarin dama ya shanye, maganarsa ma sai an kasa kunne. Ya rage albashina na koyarwa a lakwal, shi kuwa magani ke lashe shi tun wata bai raba ba. Abin da ya tsaya tsakaninmu da yunwa shi ne buhunan hatsi da kawunsa ya aiko daga Hamdara. Na jera su a ɗan ɗakin ajiya, kuma duk sanda na durƙusa roƙona ɗaya ne: Ubangiji, hatsin nan ya kai mu kaka. Ban tsawaita masa bayani ba, na ga masu damunsa sun yi yawa a shekarar.

Da aka daɗe famfo bai ko yi tari ba, har 'yan garuwa suka zama manyan gari, ka gaishe su da ladabi su wuce ka, sai fasto ya sa ranar Lahadi ta addu'ar ruwa. Da safen na murɗe famfo tam. Na gyara wa maigida shimfiɗa a rumfa, na ajiye masa tasa da cokali, yadda muka saba: in yana bukatar wani abu ya buga, maƙwabciyarmu Hajiya ta leƙo. Mun kai ƙofa da yara Inna ta ce ta manta Littafinta, ita da ba karatu ta iya ba, rungumewa kawai take. Ta koma ta fito, ban kawo komai a raina ba.

An yi addu'a ranar, ba laifi. Fasto ya roƙa a zubo mana ruwa har mu rasa wurin sa shi, ni ma na ce amin da ƙarfi, ba zan yi ƙarya ba. Aka yi waƙa, aka ƙara, aka yi sanarwa, aka sake addu'a don kada a ce ta farko ba ta isa ba.

Muna shan kwanar layinmu na ga ruwa yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofarmu. Inna ta ɗaga hannu sama ta kama waƙar godiya. Ni takalmi na cire na ruga.

Tsakar gida ta zama tafki. Hajiya na tsaye ta ɗaure zane a gwiwa, ta riga ta rufe famfon da Inna ta buɗe. Maigidana yana zaune cikin caɓi tsakanin rumfa da famfo, an jingina shi da turmi. Ashe ya buga tasa har ta loɓe, amma duk unguwa kowa na kan nasa famfon, ƙarar bokitai ta hana a ji. Da ya ga ruwa ya nufi ɗakin ajiya, wanda daɓensa ya fi na tsakar gida zurfi, sai ya ja jiki da gwiwar hannu ɗaya ya nufi famfon. Haka Hajiya ta same shi da ta ga ruwa a ƙofa.

Na shiga ɗakin na cusa hannu cikin buhu. Hatsi ya sha ya ƙoshi, ya kumbura. Wanda ya jiƙa haka ko an shanya ba ya ajiyuwa, sai tsami da fumfuna. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba. Na juya na ce, "Inna, ga amsar addu'arki nan. Sai ki dafa mana ita har kaka." Ta katse waƙarta, ta sauke hannu ta shige ɗaki.

Hajiya ba ta tsaya jajantawa ba. Ta leƙa ta katanga ta kira matan layin, kowace ta zo da tiyarta ta awon hatsi. Ta ce kowa ta auni jiƙaƙƙen ta je ta daka yau da gobe, dama sai an jiƙa ake surfe, mun rage musu aiki, sannan ta auno mana busasshe daga nata. Na ce ba daidai ba ne, jiƙaƙƙe ya kumbura, su za su yi asara. Ta dube ni ta ce, "Madam, tiya tiya ce. Je ki wanke wa mijinki jiki."

Makon nan layinmu ya sha kunu da fura har suka gundure shi. Mijin Hajiya ya aiko daga ƙofar masallaci a ce mana in za mu sake irin wannan addu'a mu sanar tukuna, su ɗaga kayansu sama. Inna kuwa kafin Lahadi bakinta ya dawo. Ta miƙe a majami'a ta ba da shaida cewa ta buɗe famfo da bangaskiya, Ubangiji ya ba da ruwa ya kuma ƙara hatsi. Caɓin da surukinta ya kwanta ciki bai shiga shaidar ba. Aka yi ta tafi, ni ina kallon ƙasa. Da na ba maigida labari ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyar da na daɗe ban ji ba, sannan ya ce a hankali, "Ai na kusa kaiwa."

Hatsin ya kai mu kaka, har da saura. Shi ne bai kai ba. Ya rasu damina ta yi nisa, gero na fitar da kai, kuma da hatsin nan matan layinmu suka dama kunun zaman makoki.

Na daɗe ina fushi, da Allah da kaina. Na roƙi hatsi, an ba ni hatsi, ba ragi. Wata safiya muna tsintar wake na ce wa Inna da na sani da lafiyar maigida na roƙa, ba buhu ba. Na ɗauka za ta yi mini wa'azi. Sai ta ce, "Ni na roƙa masa, kullum, safe da yamma. Ban samu ba." Ta karkaɗe zanenta, ta ɗauko Littafin da ba ta iya karantawa ta ɗora mini a cinya, ta ce in karanta mata na yau.

Na buɗe na karanta mata.