Furannin da Suka Kai Mu Dutse

Jahun

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, Baba Malam a gaba da carbinsa, ni a baya rungume da kwamfutar makarantarsa cikin bargo, za mu kai ta Dutse a duba. Shi ne mahaifin Bilkisu, wadda nake nema, har an fara maganar sa rana. Ni ke buga masa takardun Islamiyya. Ranar Laraba yana tsaye a kaina ina buga jarrabawa, sai ga hoton wata mata ba sutura ya faɗo kan allo. Na rufe, wani ya fito. Tun daga ranar Bilkisu ba ta ƙara fitowa zance ba.

Kwandasta ya cusa mu kujera ɗaya, gwiwata tana gogar ta surukina. A littattafan da na taso ina karantawa, saurayi kan ɗauko surukinsa ne a mota mai sanyi da ƙamshi. Ni kuwa ga buhun gero a ƙarƙashin ƙafata, ga gumi tun rana ba ta fito ba.

Kiyawa zuwa Shuwarin

Dab da Kiyawa muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya leƙo.

"Direba, me ke cikin bargon nan?"

"Mara lafiya ce, yallaɓai. Dutse za a kai ta."

"Me ke damunta?"

Baba Malam ya ce, "Rashin kunya."

Mota ta ɗauki dariya. Na kifa goshina a kan bargon har muka wuce gari.

A Shuwarin Baba Malam ya sayi ƙosai mai zafi ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Yaya zan buɗe baki in ci abinci a gaban suruki? Cikina ya yi ta ƙugi har duwatsun Dutse suka bayyana.

Dutse

Da hantsi muka sauka a unguwar Yalwawa, a shagon Injiniya Sabo, tsohon ɗalibin Baba Malam. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya jona kwamfutar da intanet. Ko zama ban yi ba hotunan suka fara. Baba Malam ya juya fuskarsa bango.

"Allah gafarta Malam, ba mutum ne ya nemo su ba," in ji Injiniya. "Manhajar leƙen asiri ce. Takan laɓe cikin kayan kyauta da ake saukewa, ta zauna tana lura da duk inda aka shiga, tana kai rahoto ga masu talla, su kuma su turo abin da suka ga dama. Wata har kalmar sirri take kwashewa."

"Ta wace ƙofa ta shigo mini makaranta?"

Injiniya ya ɗan bincika, ya danna. Jajayen furanni suka soma zubowa kan allo kamar ruwan damina, ga sunan Bilkisu a tsakiya, a ƙasa an rubuta "Tauraruwar zuciyata". Manhajar yin katin soyayya ce da na sauke kyauta. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

"Angon gobe, ai kai ka buɗe mata ƙofa," in ji Injiniya yana danne dariya. "Ta tambaye ka ko ka yarda, ka danna ba ka karanta ba."

Ya goge ta, ya sa manhajar riga-kafi, ya ce a riƙa sabunta ta. Ya hana ni danna duk tagar da ta faɗo da kanta, ko sauke abu daga shafin da ban sani ba, ya kuma sa na canza kalmar sirri nan take.

Komawa gida

Har muka wuce Kiyawa Baba Malam carbi kawai yake ja. Da la'asar muka sauka Jahun. A ƙofar gidansa ya tsaya, bai dube ni ba.

"Habibu."

Na durƙusa da kwamfuta a hannu. "Na'am, Baba."

"Zaton da na yi maka, ka yafe mini. Amma mu a gidan nan ba a kawo mana fure. Ka ce wa babanka ranar Juma'a ya zo da goro."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Injiniya Sabo. Har yau dai in na hango Baba Malam a layi, sai in canza hanya.