Ranar da Na Hana a Aiki Yara Sayen Goro

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba ne, cikin sati na biyu na dogon hutu. Waɗanda ke wurin su ne ni, da Alhaji shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran injuna a Faskari, da Baba maigidana wanda ya koya mani sana'a, sai yara goma sha tara, maza goma sha uku, mata shida. A tsakiyarmu akwai tabarma, a kanta injin ban ruwa ne da muka kwance. Na fara da lissafa mutanen ne saboda an sha ba da labarin nan a layinmu na masu gyara, kowa da irin ƙarinsa, kuma mafi yawan masu ba da shi ba su wurin a ranar.

Ga yadda aka yi yaran suka zo rumfata. Dogon hutu cikin damina yake faɗowa. A da, yaro daga aji sai gona. Yanzu gonakin nesa ba su nomuwa, kowa ya san dalili, na kusa kuwa kafin hantsi an gama da su. Sai yara su wuni suna gararamba tsakanin tasha da kasuwa. Na kalli abin damina biyu. Gyaran gari ya fi ƙarfina, amma ina da rumfa, ina da sifana. Na bi gidaje na nemi izinin iyaye, na kafa doka: a zo ƙarfe takwas, a tashi da azahar, wanda ya makara sau biyu ya huta a gida.

Na tsara karatun daki-daki. Satin farko na sanin kayan aiki ne da kwancewa. Duk abin da aka cire a jera shi a tabarma yadda ya fito, don in an zo haɗawa a fara daga na ƙarshe. Sati na biyu na cikin injin ne. Na uku a haɗa, a tayar. Abokan sana'a suka ara mani matattun injuna biyar da sifanoni, suna dariya suna cewa Malam ya buɗe firamare.

Dariyar ta tsaya ranar da suka ji zan nuna wa yara saitin taimin.

Bari in yi bayani don wanda ba sana'arsa ba ce. A cikin injin akwai giya biyu, wato ƙarafa zagayayyu masu haƙora, ƙarama da babba, suna juya juna. Kowace tana da ɗigo guda a jikinta. In ka haɗa su ɗigo na kallon ɗigo, injin ya tashi lafiya. In ka kuskure haƙori ɗaya, ko ya ƙi tashi, ko ya tashi yana tari ba ƙarfi. Manomi ya ja igiya har kafaɗarsa ta sage, dole ya ɗauko ya kawo mana.

A sana'armu akwai al'ada. In aiki ya zo wurin nan, maigida ba ya cewa da mai koyo ya kau da kai. Aikensa yake yi. Ni goro Baba yake aike na. Shekara bakwai ina wanke ƙarfe, ina miƙa sifana, da an zo haɗa giya sai in ji, "Je ka sayo mani goro." Kafin in dawo an rufe murfi. Ranar da ya yaye ni ya goge giyar da tsumma ya nuna mani. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Na yi godiya kamar yadda ake yi, na koma gida na kasa cin abinci.

To, ranar Larabar nan na riga na buɗe murfin, giyoyin na hannuna, sai ga Alhaji da Baba. Yara suka durƙusa suka gaishe su.

Alhaji ya ce, "Malam, ashe firamaren taka har ta zama jami'a ba mu sani ba? Har da injiniyoyi mata!"

Na ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Baba, an tashi lafiya? Ga benci."

"Ba zama ya kawo mu ba," in ji Alhaji. "Ka koya masu wankin noti, ka koya masu sunan sifana, wa ya hana ka? Amma wanga abu da ke hannunka tuwon gidajenmu ne."

Na ce, "Alhaji, in ɗigo biyu ne kaɗai suka raba mu da ɗan shekara goma sha biyu, ai ba mu iya komai ba ke nan."

"Ka ji shi ko, Baba? Kai ka haife shi a sana'a, sai ka yi magana."

Baba bai dube ni ba. Ya sa hannu a aljihu, ya miƙa wa yaran kuɗi, ya ce, "'Yan jikoki, ku tashi ku duka ku sayo mani goro bakin kasuwa. Fari nake so. Ku tsaya ku zaɓa da kyau, ba sauri nake ba."

Su goma sha tara suka miƙe. Haka ya kamata su yi, don yaron da dattijo ya aika ya tsaya tambaya ba shi da tarbiyya, kuma ni kaina na ƙara masu wannan horon. Ni ma tunda nake ban taɓa tsallake maganar Baba ba. Shi ya je nema mani aure. Na san in na yi shiru yaran za su dawo su tarar da murfi a rufe, kowa ya rabu lafiya, rumfata na nan. Na kuma san in na yi magana, a gaban shugaban ƙungiya na yi ta.

Na ce, "Kowa ya koma ya zauna."

Suka tsaya cirko-cirko, suna duban Baba suna dubana.

"Na ce ku zauna. Baba, goronka na wuyana, ni zan kai maka har gida. Yaran nan aiki suke."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce, "Kai, ni kake maido wa aike?"

"Baba, shekara bakwai ina sayen goron nan. Na sayi nawa, na sayi nasu."

"Goro kake gani, don har yau ba ka yi wayo ba. Haƙuri na koya maka. Yaron da bai gaji da wankin ƙarfe ba, ba shi tausayin injin mutane. Gobe za su buɗe na iyayensu su kashe, ka zo ka ba ni labari."

Na ce, "Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka koya mani. Amma yau za su gani."

Na goge giyoyin. Na kira su uku-uku, kowa ya sa yatsa a kan ɗigon, ya juya, ya haɗa da hannunsa. Wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta haɗa nata, ta tsaya tana jira. Ta ce, "Malam, sauran fa?"

Na ce, "Babu saura."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Yaran suka kwashe da dariya, na daka masu tsawa. Alhaji ya ce, "To ka ji. Tun ba a je ko'ina ba ta raina mu." Ya kama hannun Baba suka fita.

Abin da ya biyo baya, ga shi a jere. Da la'asar ɗin ranar na kai wa Baba farin goro, ya aiko cewa ba zai fito ba, na ajiye a zaure. Ranar Alhamis masu injuna suka zo suka kwashe injunansu da sifanoninsu. Ranar Asabar ƙungiya ta zauna ta cire ni, aka ce in tashi daga rumfar layi ƙarshen wata, don wurin na ƙungiya ne. Waɗanda ke turo mani aiki in ya yi masu yawa suka daina.

Ban jira ƙarshen wata ba. Na kwashe kayana na koma filin bayan gidana, ƙarƙashin darbejiya, da injina guda da sifana uku. Nan muka ƙarasa sati na uku. Ranar ƙarshe yaran suka haɗa injin tun daga farko ban taɓa ba, suka zura tiyo cikin duro, suka ja igiya, ruwa ya fito.

Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye ba. Maganar Baba ta tabbata a kan mutum guda. Wani daga cikin yaran ya buɗe injin kawunsa ba da izini ba, ya ɗaure noti har ya karye a ciki. Ni na gyara, na ba kawun haƙuri, na ƙara doka: ba mai buɗe injin a waje sai ina tsaye, har sai ya yi hutu uku a hannuna. Na faɗa masu dokar, na faɗa masu dalilinta. Haƙurin da Baba ke magana a kai ana koyar da shi, ni ma ina koyarwa. Abin da na ƙi shi ne a koyar da shi ta hanyar yaudarar yaro.

Har yanzu duk Juma'a ina zuwa gaishe da Baba, yana amsawa a taƙaice. Sau biyu Alhaji ya aiko mani cewa in na zo na ba da haƙuri, na yi alkawarin tsallake wurin nan a karatuna, za a maido mani da rumfa da injunan aro. Sau biyu na ce a gaishe shi, ba zan yi ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san ba a koyar da abu a bar rami a tsakiyarsa da gangan.

Yanzu hutu na uku ke tafe. Iyaye daga Daudawa da Tafoki sun yi mani magana. Wasu daga Ƙanƙara da Sabuwa sun ce za su kawo nasu su zauna gidan dangi. Injin kuwa har yau guda ne, an kwance shi an ɗaure har notikansa sun sule, kuma ba mai ara mani wani a layin.

Don haka, mai karatu, ga roƙona. In kana da mataccen injin a lungun gidanka, na ban ruwa ko janareta ko na niƙa, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. In akwai tsohuwar sifana lamba goma ko goma sha biyu, haɗa da ita. Ka ba motar da ke zuwa Faskari kafin a ba da hutu, ka ce a kai wa mai gyaran da aka kora daga ƙungiya. Duk wanda aka tambaya a tasha zai nuna gidan.